Mutanen Citta na Baba

Shekarar da council, wato ƙaramar hukuma, suka ba mu flat a unguwar Edmonton ta Landan ban san kowa a ginin ba. Ƙasanmu Turkawa ne, samanmu 'yan Somaliya, ƙofar da ke kallon tamu kuwa kullum a rufe nake ganin ta. Wata rana lif ya lalace, ina jan buhun shinkafa a matattakala ina yi masa faɗa da Hausa kamar yana ji na, sai wani daga bayana ya yi mini sannu da aiki. Na waiga, sai ga wani gajeren dattijo da rigar direbobin bas da hular sanyi, yana ta dariya. Ya karɓi buhun ya kai mini har ƙofa, sannan ya buɗe ta gabanta ya ƙwala wa matarsa kira, wai ta fito ta ga 'yar gida. Mutanen Filato ne, Kirista, sun riga ni zuwa Landan da daɗewa. Tun ranar na ce masa Baba, ita kuma Mama, kuma ban taɓa kiran su da wani suna ba.

Ni a Kaduna na tashi, a unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa, lokacin da kwanuka ke tsallaka layi. Da Sallah mahaifiyata ta cika kwano ta aika gidan maƙwabta Kirista, da Kirsimeti kwanon ya dawo da shinkafa da cincin. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga dalili, haka muka tarar. Daga baya garin ya rabu, kowa ya koma gefen kogin da nasa suke, kwanukan suka daina yawo. Shi ya sa da Sallar farko ta same ni a Edmonton, na ɗauko wani kwano mai murfi da jan fure, cikin kayan aurena ya zo, na cika shi da nama na ƙwanƙwasa ƙofar Mama. Ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe, ta daɗe tana kallon naman kafin ta yi godiya.

Kwanon bai dawo ba sai da Kirsimeti, kuma haka ya zama al'adarmu. Ya yi rabin shekara a wurina, rabi a wurinta. Nakan tsokane ta cewa ana cutata, ni Sallah biyu ita Kirsimeti ɗaya. Sai ta ce ai akwai Ista, kwaɗayi ne ya hana ni ƙirgawa.

A cikin kwanon akwai cincin, wannan na sani. Amma a sama sai ga wasu 'yan biskit masu siffar mutum, ga kai ga hannu ga ƙafa, suna ƙamshin citta. Aikin Baba ne. A kantin garejin bas ya fara ganin irinsu, wata Baturiya mai dafa musu shayi ta koya masa haɗin. Bai yarda ya sayi abin yanka su ba, da kansa ya lanƙwasa gwangwanin madara ya fitar da siffar, shi ya sa duk mutanensa ƙafar hagu ta fi ta dama tsawo. Da kwalbar lemo yake murza kwaɓin, da bututun tsohon biro yake huda musu kai, sannan ya zura jan zaren saƙa ya rataye su a bishiyar Kirsimetinsu ta roba.

Yana da ƙa'ida a kansu. Duk ɗan gida da ba zai ci Kirsimeti a cikin flat ɗin ba, to za a yi masa nasa, a huda, a rataye. Ya dama farin suga ya zana wa kowa alamarsa: wansa da ke ƙauye mai gemu, ƙanwar Mama mai ƙaton ɗankwali, wani kawu mai sanda. Yana ratayewa yana kiran suna yana gaishe su, har da tambayar ya gona. Abin da ya ragu na kwaɓin sai a gasa ba huda, shi ake ci, shi ake zubo mana a kwano. Shekarar da na tafi gida hutun ƙarshen shekara, na dawo na tarar da kaina a kan reshe, an zana mini hijabi har ƙirji da wani baki a buɗe, wai ina faɗa. Na ce wa Baba ni fa ban ba da izini a rataye ni ba. Ya ce wanda ba ya nan ba a shawara da shi.

Gaskiya da farko sai da na yi jim kafin in ci. A gidanmu ko 'yar tsana mai ido mahaifiyata ba ta bari a shigo da ita, kuma har gobe ba na zana abu mai rai da hannuna. Amma cin abincin maƙwabci bai taɓa zama matsala a gidanmu ba. Sai na samo wa kaina dabara, kan nake fara gutsurewa, sauran ya zama biskit kawai. Baba ya gane, duk shekara sai ya ce a kai wa mai cin kai nata.

Baba ya rasu 'yan makonni bayan Babbar Sallah, yana ɗaura takalmi zai fita. Aka kai shi gida aka binne shi a ƙauyensu, kamar yadda ya roƙa. Mama ta dawo Landan da akwati ɗaya, ta rufe ƙofa. Kwanona yana wurinta, don na kai mata cinyar rago a ciki, Baba ma ya ci har ya yaba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san yadda mutum ke zama idan ya daina cin abinci, kuma a gabana Mama ta fara zama haka. Ba ta ƙi karɓa ba. In na kai tuwo ta gode, in na kai faten wake ta sa albarka, har gwaten acca na koya saboda ita. Washegari in buɗe firji da makullin da ta ba ni, in tarar da robobin a jere yadda na kawo su. Zoben hannunta ya fara zamewa. Majami'arsu da ake sujada da Hausa, wadda a da ko ana ruwa sai ta hau bas biyu ta je, ta daina zuwa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi mata bayanin asibiti, ta ce ta ji. Sai ta sha shayi rabin kofi ta koma kujerar Baba ta zauna.

Ɗansu ɗaya ne, yana aiki a Manchester. A Landan aka haife shi, in na yi masa Hausa yana ji sarai, amma da Turanci yake mayarwa, sai gaisuwa kawai. Ya tare ni a matattakala farkon Disamba, ya ce ya gyara mata ɗaki a gidansa. Zai zo kafin Kirsimeti da kwalaye, ya kwashe ta, ya mayar wa council da makulli. Ba mugun yaro ba ne, idonsa cike da ƙwalla yake maganar. Ya ce ya san ba ta so, ya san can ba ta da wanda za ta yi hira da shi in ya fita aiki, amma ba zai bar uwarsa ita kaɗai tana ƙarewa a kujera ba. In da tana cin abinci, in ji shi, da bai taɓa ta ba.

Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa na fi jin haushi. Kuma ba zan ɓoye ba, tsoro nake ji, ba don ita kaɗai ba. A duk faɗin Landan ƙofar nan ce nake shiga ba sallama mai tsawo, in zauna a ƙasa in miƙe ƙafa, a ce mini 'yata kin ci abinci. Na ga yadda tsofaffi ke yi in aka ɗauke su daga inda suka sani cikin baƙin ciki, kuma ban ga da yawa da suka warware ba.

Abin da na yi bayan nan ba dabara ba ce, zuciya ce ta ɗebe ni. Na dawo daga aiki da rana a gajiye, na leƙa ta, na buɗe firji, sai ga miyar kukar da na kai shekaranjiya ko cokali bai shiga ba. Na rufe firjin da ƙarfi na zo na tsaya a gabanta.

"Mama, na zo karɓar kwanona."

Ta nuna mini saman kabad da haɓa. Na taka kujera na sauko da shi, na buɗe, an wanke shi tas, ba komai a ciki. Na ce mata ni tun da nake ban taɓa ganin garin da kwano ke komawa wofi ba, ba a Kaduna ba, ba a Jos ba, sai dai ta faɗa mini sabon garin da ta koyo wannan. Na ce sai da na yi booking ɗin ragon nan wurin mahauci tun wata guda kafin Sallah, cinya sukutum na sa mata, ga Kirsimeti ya ƙarato za a miƙo mini kwano yana ƙara.

Ta ɗago ta dube ni sosai, rabon da ta yi mini irin kallon nan tun kafin rasuwar.

"Ke ba ki da kunya ne? Ina cikin makoki."

Na ce ba ni da ita, kuma ba yau ta sani ba. Na ajiye kwanon a cinyarta. Ta shafa murfin, sannan ta ce cincin dai za ta iya, amma mutanen nan aikin Baba ne, ita iyakarta ta yi masa faɗan ya ɓata mata kicin da fulawa. Na ce ni ma na sha kallonsa, in aka haɗa kallona da nata ai za a fitar da wani abu. Da na fito sai da na jingina da bango, don ban taɓa yi wa babba irin wannan rashin ta-ido ba.

Ranar da ba ni da aiki na sayo fulawa da bota da zuma a shagon Turkawa na ƙasa. Citta kuwa ban saya ba, ina da busasshiya 'yar Kaciya da aka aiko mini daga gida. A nan na yi kuskure. Baba da garin citta na 'yar kwalba yake yi, irin na kantin Turawa, wanda sai ka kusa da hanci kake jin sa. Ni kuwa na daka tawa a ƙaramin turmi, na auna da hannu yadda nake auna wa kunu, sai na ga ai ba a sa citta ita kaɗai. Na ƙara kanumfari, na ƙara masoro, na ɗan jefa kimba. A raina abin da Baba ya rasa kenan duk shekarun nan.

Mama tana zaune a bakin ƙofar kicin, ta ce ita ba ruwanta, kallo kawai take. Ba a jima ba ta ce zumar ta yi yawa. Can kuma ta ce ba haka ake murzawa ba, wa ya koya mini, zan yayyaga kwaɓin. Da ta ga na ɗauki kwalbar a karkace sai ta yi tsaki ta miƙe, ta ture ni da gwiwar hannu ta karɓa. Na koma gefe ina wanke abin da bai yi datti ba, don kada ta ga fuskata.

Gwangwanin yankan yana cikin aljihun tebur, a naɗe da tsohon hankicin Baba. Na gaya mata tun da wuri cewa kwaɓi nawa ne, wuta tawa ce, amma fitar da siffar mutum nata ne, ta san ni. Ta ce ta sani, mai cin kai. Ta fara dannawa tana kiran sunaye a hankali, wan Baba, ƙanwarta, kawu mai sanda, tana huda kowa da bututun biro. Na ɗanta ba ta huda ba, ta ce ai yana zuwa. Ba mu ce komai kan abin da zai kawo shi ba.

Da tiren farko ya fito, gidan ya ɗauki wani ƙamshi da ba na Kirsimetin Baba ba, ya fi kama da ɗakin mai jego. Ɗaya ya karye a gajeriyar ƙafar nan. Mama ta ɗauka don ta ji ko ya gasu, ta gutsura, ta tauna. Sai ta tsaya. Idonta ya kawo ruwa, ta fara tari, ta dafe tebur tana nuna mini famfo. Na miƙa mata ruwa ta shanye, ta ce wayyo Allah, yaji na haɗa mata ko biskit, so nake in ƙarasa ta kafin ɗanta ya iso? Ta ce da Baba na nan da ya kai ni ƙara. Tana faɗa tana tari tana dariya, hawaye na zuba, har ban san inda dariyar ta tsaya kuka ya fara ba. Na riƙe ta muka yi tare.

Da ta lafa ta ce bakinta wuta yake, ruwa bai kashe ba, in samo mata wani abu. Na buɗe firjin nan da na daɗe ina jin haushinsa, na ɗumama tuwo da miyar kuka. Lomar farko don ta kashe zafi ta yi, ta biyu ma haka. Na juya mata baya ina goge tire, ina jin ƙarar hannunta a cikin roba. Da na waiga ta cinye fiye da rabi, tana cewa miyar ta yi ƙarancin daddawa.

Muka gama tire na biyu, ta zana musu gemu da ɗankwali, gemun wan Baba ya koma gefe guda. Na sauko da bishiyar daga saman wardrob muka kakkaɓe ta. Saura ɗan kwaɓi kaɗan a kan tebur, na ce in dunƙule shi mu gasa haka. Ta ce in bari. Ta murza shi da kanta, ta ɗora gwangwanin a kai, sai ta tsaya da hannu a sama. Duk shekarun nan Baba bai taɓa yin nasa ba, don bai taɓa cin Kirsimeti a wani wuri ba.

"'Yata, riƙe mini hannu. Ba zan iya ni kaɗai ba."

Na riƙe wuyan hannunta da hannuwana biyu, ita ta danna. Ita ta huda, ita ta zana masa hular sanyi da tabarau bayan ya huce. Ta rataye shi a reshen da ke daidai fuskarta in ta zauna, ta gyara zaren, ta gaishe shi yadda yake gaishe da sauran, ta tambaye shi ya mutanen gida. Ni dai na shiga kicin na buɗe famfo.

Na daɗe ina tunanin abin da ya faru ranar. Watanni ina kai wa Mama abinci, kullum ita ce mai karɓa, mai godiya, wadda ake leƙowa a ga ko ta ci. Matar da ta yi rayuwarta tana ciyar da mutane, muka mayar da ita abin tausayi, ni da 'yan majami'arsu da ɗanta, kowa da robarsa. Ban ce na fahimci haka a lokacin ba, ni fushi kawai na yi. Amma ranar da aka nemi wani abu daga hannunta, ranar ta miƙe.

Ba a kwana ɗaya ta warke ba. Akwai ranakun da na sake tarar da roba a rufe. Amma ta soya cincin, kuma mai soya cincin ba ya rasa ɗanɗanawa. Lahadi ta ɗaura ɗankwali ta hau bas ɗinta biyu. Ɗan ya iso da kwalayensa a naɗe a bayan mota, na ji shigarsa, na zauna a falona na kasa komai. Ban ji ɗaga murya ba. Daga baya ya gaya mini yana shiga ya ga mahaifinsa a kan reshe da hular sanyi, sai ya zauna a ƙasa kamar ƙaramin yaro. Ita kuma ta zubo shinkafa a faranti ɗaya ta ce ya wanke hannu su ci. Bai faɗa mini abin da suka yanke ba, ni ma ban tambaya ba, don ina tsoron amsar.

Ranar Kirsimeti da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofata. Mama ce da kanta, cikin atamfar majami'a da ta yi mata yawa a kafaɗa, riƙe da kwanon da hannu biyu. Na yi mata barka da Kirsimeti, na karɓa, na ji nauyinsa. Cincin ne har baki, a sama kuma mutanen citta marasa huda, masu yajin nan nawa. Ta ce duk ni zan cinye su, tun da ni na haɗa, kada in ba yara su ƙone baki. Na ce ta shigo, ta ce a'a, ta bar tukunya a wuta. Har ta juya, ni kuma ina shirin tambayarta ko Manchester za ta tafi, sai ta tsaya a bakin ƙofarta ta nuna kwanon.

"Kada ki kai shi can saman kabad. Azuminku ya kusa, kuma bana da Sallah ban son cinya, haƙorana sun gaji. Ki sa mini hanta."